Cikon Goma

Singafo, ƙarshen Oktoba

Nana Hatun tawa,

Aminci a gare ki. Ina fata gwiwar nan ta daina damunki, sanyin Perth kuma ya sake ki. Baba da Mama suna gaisuwa. Yaya Menashe ya zo hutu daga bariki, ya share duk abin da ke firji, ya koma. Tunda kin ce kunnenki ya gaji da waya, ga takarda da biro kamar mutanen da.

Albishirinki, ni aka zaɓa shugabar ɗalibai. Natan da na kayar yana cewa wai don 'yan mata sun fi yawa ne a makarantar. Na ce masa to laifin wa?

Amma ba wannan ya zaunar da ni rubutu ba. Kin tuna Mista Sofer mai shagon tabarau? Ya rasu bayan idinmu na Bikin Bukkoki, a tsaye cikin shagonsa, zuciya ce. Ɗansa Yo'el ajinmu ɗaya. Ranar da ya dawo daga zaman makoki ya shigo ƙaramin ɗakin addu'ar da ke jikin laburare, inda wanda ya ga dama yake zuwa kafin darasi. Ina bayan labule, ɓangaren mata, da 'yan mata biyu. Ya tsaya gaba da littafi a hannu zai yi wa mahaifinsa Kadish, addu'ar mamacin nan da ba a yi sai maza goma sun taru. Malaminmu Rabbi Azulay ya dubi ɗakin, leɓensa na motsi, yana ƙirga maza da kalmomin aya yadda ya saba, ayar ta tsaya masa a kalma ta shida. Sai ya dafa Yo'el ya ce, "Ba yau ba, ɗana. Ba mu cika goma ba." Yo'el ya rufe littafin a hankali, ya ɗauki jakarsa. Ya fice.

Za ki ce ya tafi majami'ar cikin gari. Ba hali sai ranar Asabar. Mamarsa ce ta karɓi shagon, shi yake rako ƙanwarsa Dalit makaranta kullum, tun daga unguwar Bedok a jirgin ƙasa. Wata goma sha ɗaya zai yi yana wannan addu'a, in ba a nan ba babu.

Samarin da suka haura shekara sha uku a makarantarmu tara ne kacal. Da Rabbi, goma cif, in kowa ya zo. To kowa zai zo. Ba a zaɓe ni don in riƙa gyara jadawalin shara ba. Ki zuba ido.

Jikarki mai son ki,
Simha

*

Perth, Nuwamba

Zuwa ga shugaba, 'yar ɗana, hasken idona,

Aminci da albarka su tabbata a gare ki da iyayenki da wancan sojan mai ciki kamar rijiya. Gwiwa tana nan, mun saba da juna.

Labarin Sofer ya taɓa ni. Kakarsa maƙwabciyarmu ce a tsohuwar unguwarmu can Singafo, da ita muke gasa burodin Asabar. Allah ya ba iyalinsa haƙuri tare da duk masu makoki.

Na ji kin ce kowa zai zo. Haka kakanki Sha'ul yake magana, Allah ya jiƙansa, rabin abin da ya faɗa kuwa yana faruwa. To ji nan. Yaro mai shekara sha biyar ba ya barin gadonsa da sassafe don an yi masa wa'azi. Ki nemi cikinsa. Na rubuta miki a bayan takardar nan yadda nake yin sambusar cuku da cincin mai dabino. Kada ki yi rowar cukun kamar uwarki. Ki ajiye farantin a cikin ɗakin, can ƙurya, kada a taɓa sai an ce Amin na ƙarshe.

Abu ɗaya nake ja miki kunne a kai. Mai makoki fatarsa a saɓule take, ko iska tana yi masa zafi. Ki yi aikinki a hankali, abdalak, 'yar lelena, kada unguwa ta ji motsinki.

Ki gaya wa ubanki ya rubuto mini da hannunsa, bai karye ba.

Kakarki,
Hatun

*

Singafo, bayan bikin Hanuka

Nana,

Aminci a gare ki. Na gode da sambusa. Ta yi aikin da Rabbi ya kasa. Tagwayen nan 'yan Faris, Ruben da Asher, yanzu su suke buɗe ɗakin. Natan ma yana zuwa, ya ce ba don ni ba. Mun kai tara, kullum tara.

Na goman sunansa Omri Barkan. Iyayensa 'yan Haifa ne, aiki ya kawo su. Shi ne kyaftin ɗin 'yan ninkaya, duk safiya yana tafki. Na tare shi a kantin makaranta.

Ya ce, "In zancen addu'a ne, tagwaye sun riga ki."

Na ce, "Ɗan lokaci ne kafin darasi."

"Ni ban yarda akwai mai ji ba. So kike in tsaya in yi ƙarya?"

"Wa ya tambaye ka imaninka? Jikinka muke so. Ka baro ranka a tafki."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Ke da ko ƙirga ki ba a yi, me ya yi miki zafi?"

Nana, maganar ta soke ni. Gaskiya ya faɗa. Ni nake soya, ni nake tashin su ta waya, ni nake jera kujeru, sannan in koma bayan labule in ji ana cewa saura ɗaya.

Tunda ya ƙi, sai na koma tsayawa a bakin ƙofar makaranta ina kama iyaye maza masu kawo yara rabin aji. Wasu su shigo, wasu su ce suna sauri. Wata rana ana sheƙa ruwan nan na Disamba na tare wani mutum da gajeren wando da lema, yana ta kawo uzuri, sai na ɗaga murya na ce, "Maraya ne fa, ka ji tausayinsa!" Ashe Yo'el yana bayana riƙe da hannun Dalit. Ranar Litinin kuma na tashi a taron ɗalibai na yi jawabi, na ambaci sunansa, na ce abin kunya ne a ce makarantar Yahudawa ta kasa cika goma. An tafa mini sosai.

Da aka tashi ya same ni a matakala. Ya ce, "Simha, babana ne ya mutu, ba naki ba. Ki daina yawo da ni kamar akwatin neman taimako." Tun ranar bai sake shiga ɗakin ba. Yanzu samari bakwai ne da Rabbi suke cin sambusa, wanda ake yi dominsa yana zaune a laburare.

Na san kin ja mini kunne. Ba sai kin maimaita ba. Amma ban haƙura ba, hanya nake nema.

Taki,
Simha

*

Perth, Janairu

Simha, 'yar ɗana,

Aminci a gare ki. Ba zan maimaita ba, yaron ya faɗa miki fiye da yadda zan faɗa.

Shekarar da kakanki ya rasu muna sabbin zuwa nan, ba mu san kowa ba. Baffanki Sami ne yake yi masa Kadish. Duk yamma ina zama gaban waya in kira maza ɗaya bayan ɗaya, wani in roƙe shi, wani in tuna masa da auren 'yarsa da na dafa wa abinci. Sami bai taɓa ji ba. Har yau yana zaton mutanen Perth son addu'a ne da su. Kada ki gaya masa.

Ki je wurin Yo'el ke kaɗai. Ki ba shi haƙuri a taƙaice, ban da jawabi. Sannan ki tambaye shi me yake so, ki rufe bakinki har sai ya gama, ko da zai kai ki gobe. Ɗan ninkayar kuma ki ƙyale shi. Wanda ya ƙi yin ƙarya a ɗakin addu'a ba mugun yaro ba ne.

Maganar da ya yaɓa miki kuwa, na daɗe ina juya ta. Tun ina ƙaramarki nake bayan labule. Akwai ranakun da abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye miki ba, kuma ban samu amsar da ta gamsar da ni ba. Ke za ki yi wannan faɗan, na san halinki, wataƙila ma ki ci. Amma ba a kan makokin wani za ki yi shi ba. Ki ajiye shi tukuna, ba ya ruɓewa.

Allah ya kiyaye fitarki da shigarki.

Kakarki,
Hatun

*

Singafo, mako guda bayan Purim

Nana tawa,

Aminci a gare ki. Ki yafe mini shirun, jarabawa ce da wasan kwaikwayon bikin Purim suka haɗe mini. Ni na fito a sarauniya Bashti, wadda ta ƙi zuwa da sarki ya kira ta. Kowa ya ce ko kwaikwayo ban yi ba. Tagwaye suka shigo cikin rigar doki ɗaya, suka rabe biyu a tsakiyar dandamali, Rabbi ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Na je wurin Yo'el kamar yadda kika ce. Na ba shi haƙuri, na tambaye shi, na yi shiru. Nana, shiru aiki ne. Can ya ce ba ya son a riƙa kallonsa. Ya ce duk wanda ya shigo ɗakin da fuskar tausayi yake shigowa, har ya ji kamar shi ne gawar. Ya ce abin da yake kewa ba addu'a ba ne, safiyar Lahadi ce, lokacin da babansa ke kai shi teku su yi iyo har su daina ganin mutanen bakin ruwa. Tun rasuwar bai shiga ruwa ba. Na ce masa to, na tafi. Ban yi komai da maganar ba, na rantse.

Sauran labarin daga baya na ji shi, a bakin Natan. Gasar ninkaya ta makarantu tana zuwa, akwai ta karɓa-karɓa ta mutum huɗu, mu kuwa uku gare mu, har da wani ƙaramin yaro da bai kai sha uku ba. Omri ya san Yo'el tun suna yara a tafki. Shi da kansa ya same shi a laburare, ya ja kujera ya ce, "Ni ina neman na huɗu, kai kana neman na goma. Ba na jin tausayinka, kai ma kada ka ji nawa. Ka yarda?" Yo'el ya ce, "Dalit fa? Wa zai kawo ta in na tafi tafki da asuba?" Omri ya ce, "Akwai wata mai son a ba ta aiki."

To ga ni. Kullum sai na fara zuwa Bedok in ɗauko Dalit, ta yi barci a kafaɗata cikin jirgi, ta jiƙa mini riga da yawu. Suyar sambusa ta koma hannun tagwaye, suna kuma rowar cuku.

Ranar farko suka shigo tare, gashi na ɗigar ruwa, suna warin maganin tafki. Omri ba shi da hula, sai ya ɗora tawul a ka. Ya tsaya can baya, hannu a aljihu, ya ce wa Rabbi, "Ba zan karanta komai ba." Rabbi ya ce, "Tsayuwar muke so." Yo'el ya buɗe littafi. Ya fara karantawa. Da aka zo wurin amsawa na ji muryoyi sun ɗauka, har da wata daga ƙarƙashin tawul. Na leƙa ta gefen labule, ya harare ni.

Ban ce masa komai ba. Kin ga ina koyo.

Jikarki,
Simha

*

Singafo, Yuni

Nana,

Aminci a gare ki, gaisuwa a gurguje. A gasar mun zo na biyar. Yo'el ne ya yi zagayen ƙarshe, ya wuce mutum ɗaya dab da bango, muka yi ihu kamar mun ci kofin duniya. Mamarsa ta rufe shago ta zo kallo.

Ga damuwar. Samari uku sun kammala, Natan a ciki. An kuma mayar da baban Omri gida, sun tafi makon jiya. A filin jirgi ya ce mini, "Ki nemo wani kafirin." Na ce irinsa wuyar samu gare su.

Lokacin hutu Yo'el zai riƙa zuwa cikin gari, babu matsala. Amma in an koma a watan Agusta saura masa kusan wata ɗaya da rabi, samari biyar ne kuwa suka rage, da Rabbi shida. Yaro ɗaya zai cika sha uku a hutun, bakwai kenan. Saura uku. Bakin ƙofa ba zan sake tsayawa ba, na yi alkawari. Yaya Menashe ya ce sojoji ba sa ba da izinin addu'ar makaranta. Ban san inda zan samo su ba tukuna, amma zan samo. Wannan yaron ba zai rufe littafi ya ɗauki jaka a gabana karo na biyu ba.

Taki,
Simha

*

Perth, Yuli

Simha,

Aminci a gare ki. Uku kika ce? Ki yi hutunki, ki ci abinci, ki yi barci. Ki dai roƙi shugabar makaranta ta sa a kawo kujeru masu hannu, a kuma rage sanyin na'urar ɗakin. Ban mutu ba tukuna, kuma akwai masu jin tsorona a garin naku.

Kakarki,
Hatun

*

Singafo, Agusta

Nana! Me kika rubuta musu?

Aminci a gare ki, na manta gaisuwa. Ranar da aka koma ina tsaye a baranda da Dalit sai ga tasi. Tsofaffi uku suka fito, sai da direba ya taimaka wa biyu. Mista Naji da sandarsa, Mista Heskel, da Dakta Gubbay cikin kwat kamar mai zuwa ɗaurin aure. Mai gadi ya tambaye su wurin wa suka zo, Mista Naji ya ce, "Hatun ce ta aiko mu," kamar ke ce shugabar ƙasa.

Tun daga ranar ba su yi fashi ba, ba su kuma daina mita ba. Shayi ya yi sanyi, yaran yanzu suna haɗiye kalmomi, tasi ta bi doguwar hanya. Mista Heskel da Rabbi sun yi gardama kan karin wata waƙa har aka buga ƙararrawa. Dakta Gubbay ya ɗanɗana sambusar tagwaye ya ajiye, ya ce wanda ya yi wannan bai taɓa son kowa ba. Ya tambaye ni ko har yanzu kina sa jan gyale. Nana, akwai labarin da ba a ba ni ba?

Abin da ya fi yi mini daɗi, ba sa kallon Yo'el da tausayi. Sun san babansa tun yana rarrafe. Jiya Mista Naji ya ba shi labarin yadda baban ya taɓa faɗawa kwata da sabon wandon Asabar, Yo'el ya yi dariya har da riƙe ciki. Yanzu 'yan ƙananan aji suna zuwa da wuri don jin tsofaffin.

Saura kaɗan. Kaina yana ɗan ciwo kwana biyun nan, bari in kwanta.

Mai son ki,
Simha

*

Singafo, ƙarshen Satumba

Zuwa ga Uwargida Hatun,

Aminci a gare ki, tare da girmamawa. Ba ki san ni ba, ni ne Yo'el ɗan Sofer. Simha ce ta ce in rubuto. Tana asibiti, zazzaɓin dengi ne, amma ya sauka, likita ya ce jibi za a sallame ta. Ta ce kada ki tayar da hankalinki, kada kuma ki kira babanta ki yi masa faɗa.

Yau na yi Kadish na ƙarshe. Ba wanda ya kira kowa, tunda mai kiran tana kwance. Na zo ina tunanin ko za mu cika. Na tarar ɗakin ba wurin tsayawa. Natan ya zo daga gida, iyaye sun shigo da kansu, 'yan mata sun cika bayan labule har waje, mamata a cikinsu. Da na gama, Dakta Gubbay ya sumbaci kaina.

Mamata tana gode miki. Ni ma haka, ban san yadda ake faɗa ba.

Da aka tashi makaranta na wuce asibiti na gaya wa Simha. Ta ce ba ta son a taƙaice, in faɗa mata su wa da wa suka zo, kowa da sunansa. Na fara daga layin gaba. Kafin in kai ƙarshe barci ya ɗauke ta.

Allah ya ƙara miki lafiya da tsawon rai.

Ɗanki,
Yo'el